Sunan da Odessa Ba Ta Faɗa Ba

Ranar da za a karrama Odessa Pruitt, tun da sassafe ta gama shiri. Ta sa shuɗiyar rigar da take zuwa coci da ita, ta zauna a bakin gadon otal tana maimaita jawabinta a fili kamar 'yar makaranta. Ta haura saba'in, kuma fiye da shekara talatin daga ciki ta yi su ne a kujerar edita, a wata jarida da ke arewacin jihar Minnesota ta Amurka, can bakin babban tafki. Bara waccan ta yi ritaya. A bana ƙungiyar 'yan jarida na ƙabilu marasa rinjaye ta ga ya dace ta ba ta lambar da take bai wa editan da ya buɗe ƙofar ɗakin labarai ga waɗanda aka saba rufe wa. Lambar ba ta ɗaɗa ta da ƙasa ba, ta ce gilashi ne, ƙura zai tara. Abin da ya kawo ta Minneapolis shi ne 'yan mintunan da za a ba ta a gaban makirufo, manyan sana'ar na zaune suna ji, domin akwai sunan da take so ta faɗa musu.

Mai sunan ɗan ƙabilar Ojibwe ne, cikin 'yan asalin ƙasar tun kafin zuwan Turawa, mai ɗaukar hoto. Lokacin da Odessa ta zo jaridar, ita kaɗai ce baƙar fata a ɗakin labarai, shi kuma yana can ƙasa a ɗakin wanke hoto, ba a ko kiran sa taron safe. Hotunansa kan hau shafin farko, amma a ƙarƙashinsu sai a rubuta "ma'aikacinmu" kawai, alhali duk farin yaron da ya zo jiya sunansa na fitowa ɓaro-ɓaro. Faɗan farko da ta yi a gidan a kan wannan ne, kuma da kyar ta tsira da aikinta. Daga nan suka zama ɗaya. Shi ne ya riƙa tuƙa ta a tsohuwar motarsa zuwa makarantun ƙauyukan mutanensa da unguwannin baƙin haure, suna neman yaran da ke da kunnen labari. Ita ta iya faɗa da masu jaridar, shi ya iya zama a ɗakin girkin iyaye yana shan kofi har su yarda su ba da 'yarsu. Duk wanda aka ce Odessa ta ɗauko, to rabinsa shi ya ɗauko.

Ya rasu a watan Maris, ƙanƙarar tafki ta fara tsagewa. Ita kuwa tana kwance a asibiti an yi mata aikin ƙugu, ko jana'izarsa ba ta samu ba. Abin ya tsaya mata a rai. A gidan su Odessa, can Mississippi, mamaci da sunansa ake raka shi. A kira shi a coci da ƙarfi, a buga hotonsa a takardar jana'iza, a manna a jikin firiji, jikoki su sa shi a gaban riga. Mutanenta sun daɗe suna binne nasu ba dutse ba rubutu, shi ya sa a wurinsu yin shiru a kan sunan mamaci kisa ne na biyu. Don haka da ƙungiyar ta ce za ta haɗa ɗan fim a kan aikinta, sai ta kwashe musu kwalin hotuna, ta ce rabin fim ɗin a sa shi. Jawabin ma da sunansa ya fara, da sunansa ya ƙare. Ba ta gaya wa iyalinsa ba, ta so ta ba su mamaki.

A wurin karin kumallo ta tarar da Cleon Maddox ya riga ta. Tsohon marubucin wasanni ne, sun yi aiki tare su uku da marigayin kafin ya koma Detroit. Yanzu da 'yar tukunyar iskar numfashi yake yawo, yana jan ta a kan taya, roba a hanci.

"Dessa, wannan rigar ai tun zamanin keken rubutu nake ganin ta," in ji shi.

"Kai ma tun zamanin nake ganin fuskar nan, ka ji na yi ƙorafi? Wa ya bar ka ka hau jirgi a haka?"

"Likita ya ce kada in zo. Na ce masa ya ci kansa, ba shi ya haife ni ba." Ya yi dariya, dariyar ta koma tari, ta jira har ya lafa. "Ba don gilashinki na zo ba, 'yar uwa, kada kanki ya kumbura. Na zo in ji an kira sunan mutumin nan a gaban waɗannan masu ƙulla wuya. Za ki yi, ko?"

"Sai sun gaji da ji."

"To alhamdu. In na ji wannan, ko a zauren na faɗi ba asara."

Cleon ya ajiye alƙalami da daɗewa, amma baki bai ajiye ba. Mutum ne mai zuciyar zinariya da cikin rariya. Ba don mugunta ba, labari ne kawai ba ya iya kwana a cikinsa, kuma rabin waɗanda ke otal ɗin nan shi ya koya musu aiki, kowa ya wuce sai ya tsaya ya gaishe shi.

Tana komawa ɗaki ta samu Lorna tsaye a bakin ƙofa. Lorna 'yar marigayin ce, ita ke ɗauko labaran kotu a jaridar yanzu. Odessa ta ɗauke ta a hannu tana jaririya, daga baya ta ɗauke ta aiki, kuma ba ta taɓa raga mata a kan kuskuren rubutu ba. Yau fuskar yarinyar ta yi fayau, kamar wadda ta tashi daga zazzaɓi.

"Anti, zan iya shiga?"

Suka shiga. Lorna ba ta zauna ba.

"Na leƙa zauren in ga inda teburinmu yake," in ji ta. "Masu na'ura suna gwada fim ɗin. Ina buɗe ƙofa sai ga shi, ya cika bango, yana dariya. Har muryarsa."

Odessa ta yi murmushi, ta fara cewa ai ta so ne ya zama ba-zata, ta kira sunan marigayin kamar yadda ta saba kira shekara da shekaru. Lorna ta runtse ido, ta ɗan kau da kai. A nan Odessa ta tsaya.

Ba wai ba ta sani ba ne, wannan shi ne abin takaicin. Da yawa daga cikin gidajen mutanensa, in an yi rasuwa, sukan kife hotunan mamacin, su daina kiran sunansa har shekara ta zagayo. Shi da kansa ya koya mata wannan tun da can. Ita da kanta ta kafa dokar cewa ba za a buga hoton mamaci daga ƙauyukan nan ba sai an tambayi iyalinsa, ta yi rigima da mai jaridar a kai, ta kori wani mataimaki da ya taka dokar. Amma a kanta dokar ta mutanen da ke cikin labari ce, waɗanda ake zuwa gidajensu da littafin rubutu. Bai taɓa zo mata cewa ta shafi mutumin da suke raba burodi a mota ba. Shi ai ɗan gida ne, ɗan jarida.

"Mama ta cire hotunansa duka," in ji Lorna a hankali. "Har na bikinsu. Suna cikin akwati a gidan kawuna. Ƙanina sunansa ya ci, tun Maris muke kiran sa da wani suna."

Sai ta buɗe jaka ta fito da ɗan ƙullin taba a cikin jan ƙyalle, ta riƙe shi a tafin hannu, ta miƙo. Odessa ta san ma'anarsa. In za a roƙi abu mai nauyi da taba ake zuwa. In ka karɓa ka ɗauki alkawari, in ba za ka iya ba sai ka bar ta a hannun mai ita, ba a yin fushi. Ta mayar da hannayenta bayanta ba tare da ta sani ba.

"Me kike roƙo na, fito da shi fili."

"Kada a nuna fim ɗin. Kada ki kira sunansa."

"Fim ɗin na yarda, a ƙona shi ma. Amma sunan, Lorna? Sau ɗaya tak."

"A'a, Anti."

"Shekara nawa suka yi suna share sunan mutumin nan daga ƙarƙashin aikinsa. Yau da aka tara min su wuri ɗaya, ni ce zan share shi da hannuna?"

"Ba sharewa ba ne. Tafiya yake yi, bai kai ba tukuna. In ana ta kiran sa, waiwaye zai riƙa yi."

"Ɗan jarida ne fa. Shi da kansa zai ce miki..."

"Mijin Mama ne," in ji Lorna.

Odessa ta zauna a bakin gado, ƙugun na mata zogi. Tsohuwar edita ce, in an toshe nan sai ta ɓullo ta can. "To, na ji. Ba suna, ba hoto. Zan ce musu akwai wani mutum da ba zan iya ambata ba yau, saboda al'adar gidansu, amma rabin lambar nan tasa ce. Wannan ai bai taɓa kowa ba."

Lorna ta yi ɗan murmushi mai ciwo. "Anti, kin manta waɗanda ke cikin zauren nan? Ke kika koya mana, in aka ce ga abin da ba za a faɗa ba, to nan labarin yake. Kafin a kwashe faranti wani ya binciko shi a waya. Gobe fuskarsa na ko'ina, da kanun labari mai daɗi, kowa na yabon mu. Ba wanda zai yi da mugun nufi. Mama ma tana da waya."

Gaskiya ce, kuma Odessa ta san gaskiya ce, don da ita ce zaune a cikin taron wani ya faɗi haka, da ta tura yaro ya bi labarin kafin a gama tafi. Ta dubi takardun jawabin da ke kan filo. Wata biyu ta yi tana gyara su. Ta ji haushi, ba za a ɓoye ba, haushin yarinyar, da na al'adar, da na kanta. Ta ji kamar a karo na biyu ake hana ta zuwa jana'izarsa. Lorna na tsaye, hannunta a miƙe, ba ta janye ba, ba ta kuma ƙara roƙo ba.

Odessa ta miƙa hannu ta karɓi ƙullin.

Marisol Quintero, shugabar ƙungiyar, hankalinta ya tashi da Odessa ta ce mata kada a nuna fim ɗin. Fim ɗin shi ne ƙashin bayan shirin, an yi mako uku ana haɗa shi.

"Madam Pruitt, don Allah, me ya faru? Wani abu ne a ciki bai yi miki ba? Mu yanke."

"Duka za a cire. Kuma ki ce wa masu na'urar su goge shi."

"To me zan ce wa mutane?"

"Ki ce tsohuwa ta tashi da rigima. Duk wanda ya yi aiki da ni zai yarda."

Marisol ta ƙura mata ido irin na wadda ta ji ƙanshin labari. Odessa ta murtuke fuska kamar yadda take yi wa sababbin ma'aikata, har matar ta haƙura ta tafi.

Da rana aka yi taron. An kawo kaza busasshiya irin ta otal da shinkafar tafki da ba ta ji gishiri ba. Wanda ya gabatar da ita wani babban edita ne daga gabas, bai san ta ba sai a takarda, kuma da yake babu fim sai ya cike gurbin da baki. Ya ce mace ɗaya, ita kaɗai, ba mataimaki ba majingini, ta sauya fuskar jarida guda. Ya maimaita "ita kaɗai" har sau uku don ya ga kalmar na jan tafi. Odessa na zaune, ƙullin tabar na cikin aljihun rigarta, kowace maimaitawa tana sukar ta.

Ta hau, aka miƙa mata gilashin, ya fi yadda ta zata nauyi. Babban allon da ke bayanta ba komai a kansa sai tambarin ƙungiya. Ta buɗe baki ta tarar kowane labarin da take da shi yana ciki. Motar tasa ce, ɗakunan girkin shi ya shiga, yaran shi ya fara gano su. Sai ta bar labarai. Ta gode wa kakarta da ta koya mata karatu da tsohuwar jaridar da aka naɗo kifi. Ta kira sunayen yaran da suka bi ta hannunta, masu rai, ɗaya bayan ɗaya, ta ce duk wanda ke nan ya miƙe. Suka mimmiƙe nan da can, 'yar Somaliya, ɗan ƙabilar Hmong ta Asiya, baƙaƙe, 'yan Ojibwe biyu, Lorna a ƙarshe. Ta ce wa masu jaridu su dube su da kyau, ɗaukar su aiki ba shi ne wahala ba, wahalar ita ce a saurare su ranar da suka faɗi abin da ba a so a ji. Muryarta ta karye a nan, mutane suka ɗauka daɗi ne ya yi mata yawa. Ta ce na gode, ta sauka.

Zauren ya miƙe tsaye ana tafi. Ba ta taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, kunyar wanda ake yi wa guɗa da kayan wani a jikinsa. A teburi na biyu mutum ɗaya ne bai tashi ba. Cleon na zaune, hannayensa a kan gwiwa.

A baranda ya tare ta, bayan masu gaisuwa da masu ɗaukar hoto sun ragu. Lorna na gefenta ta karɓar mata gilashin.

"Na zauna ina jira," in ji shi. "Na ce a ƙarshe za ta faɗa, Dessa ta iya ajiye nama mai kyau a ƙasan kwano. Har kika ce kin gode ina jira."

"Cleon..."

"Mutumin can ya ce ke kaɗai, sau uku, kina zaune kina haɗiya. Ni na ga motar nan. Ni na tura ta a cikin ƙanƙara ku biyu kuna ciki." Ya tsaya ya ja iska, robar na motsi a hancinsa. "An ci moriyar ganga an yada kwaurenta. Abin da suka yi mana shi kika yi masa, 'yar uwa. Su ko ba komai ba su ci abinci a gidansa ba."

Ya juya ga Lorna, idonsa cike da ruwa. "'Yata, ki yi haƙuri. Ubanki..." Ya ɗauko sunan, har harafin farko ya fito.

"Kada ka faɗa," in ji Odessa, da muryar da ta saba tsayar da injin buga jarida.

Ya dube ta kamar bai taɓa ganin ta ba. "Yanzu ko jin sa ma ba kya so."

Lorna ta matsa gaba, ta buɗe baki. Odessa ta kama wuyan hannunta ta matse. Lissafin ya riga ya gama kansa a kanta, irin lissafin da ta yi shekara talatin tana yi kowace yamma. Ƙorafin tsoho a kan tsohuwa ba labari ba ne, ba editan da zai ba shi layi biyu, gulma ce ta kwana ɗaya. Amma editar da ta haɗiye jawabinta saboda al'adar makoki, wannan shafin farko ne, da hoto. Cleon kuwa in ya ji, zai rungume ta ya yi kuka, sannan ya bi tebur-tebur yana wanke ta, da sunan da komai.

"Ba ki da abin cewa?" in ji shi.

"Ba ni da shi."

Ya gyaɗa kai a hankali. Ya kama hannun tukunyar iskarsa, ya juya, tayoyin na ƙara a kan daɓe.

"Anti, bari in bi shi," in ji Lorna ƙasa-ƙasa. "In roƙe shi ya riƙe."

"Cleon? Kafin la'asar mai share otal ɗin nan ma ya ji."

"To yaushe zai sani?"

"In shekara ta cika. Ni zan je Detroit da ƙafata in gaya masa."

Suka tsaya suna kallon bayansa. Barandar ba ta da wani tsawo, amma sau biyu ya tsaya ya dafa bango kafin ya kai lif. Lorna ta dubi Odessa, Odessa ba ta dube ta ba, kowacce na lissafin watannin da suka rage kafin Maris.

Odessa ta kira shi a waya da Kirsimeti, ta sake kira da sabuwar shekara, bai ɗaga ba. A tsakiyar Janairu matarsa ta kira ta faɗa mata ranar jana'izarsa, saura wata biyu shekarar ta cika.